Yadi Goma, Riga Biyu

Akwai ranar da har yau ta ƙi fita daga raina, ranar da wani saurayi ya shigo shagonmu na unguwar Hindawiyya a nan Makka da tsohuwar riga a cikin leda, ya ajiye ta a kan teburin yanka a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Cikin watan Rajab ne, an sauko daga La'asar, shekarar da Umra ta dawo sosai bayan annobar korona. Ku da kuka zo daga baya kun sha tambayata abin da ya sa nake ɓata rai idan ɗayanku ya buɗe baki a kan gidan mai kawo ɗinki. To yau ku tsayar da kekunan nan ku saurara, wandon da ke hannunku ba guduwa zai yi ba.

Ga wanda bai san tsarin shago irin namu ba, a sama akwai mai shago, shi ne kuma kafilinmu, wato wanda takardar zaman kowannenmu, iƙama, take ƙarƙashin sunansa. A lokacin Ammu Abdurrahim ne, Bahaushe haifaffen Makka, wanda kakanninsa suka biyo ta Sudan. Ƙasa da shi sai mu'allim. Shi ke awo, shi ke yanka, kuma babu mai taɓa babban almakashi sai shi. Daga nan sai masu hawa keke, sai mai surfani, sai mai guga. Ni Hamisu daga guga na fara, amma a ranar da nake ba ku labari na daɗe ina mu'allim, gashina ya riga ya yi fari a kan teburin nan.

Saurayin ya gaishe ni da ladabi, ya ce sunansa Nazifi, daga Kano, sana'arsa shirya fim. Umra ya zo, sai ya haɗa da wata buƙata. Fim yake shiryawa a kan rayuwar marigayi Alhaji Tanimu Mai Kukuma. Yaran yanzu ba su san shi ba, amma a zamaninsa idan ya ja bakan kukuma a gidan biki, har masu girki barin tukunya suke yi su leƙo. Yana kan ganiyarsa ya bar ƙasa, ya taho Makka, ya ajiye waƙa, ya zauna a unguwar nan tamu har ya rasu. Nazifi ya ce a gida za su ɗauki fim ɗin, za su gina ɗaki mai kama da na Hindawiyya, amma yana son tufafin su fito daga inda aka ɗinka na asali. Dangin marigayin ne suka ba shi rigar, shi kuma ya bi tambarin da ke bayan wuyanta har ya same mu.

Yaron ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Kafin in buɗe ledar ma ya tambaye ni irin maɓallin da ake sawa a wancan lokacin, da irin kofin da Alhaji ke shan shayi da shi, da ko yana ɗaura agogo a dama ko a hagu. Na ce a raina, wannan in aka bar shi har tarin marigayin zai auna.

Na warware rigar. Shadda ce ruwan toka, kaftani mai wuya irin na mutanen Hijaz, kuma yankana ce, ko a duhu zan gane ta. Na juya hannun hagu, ga abin da nake nema: ƙari daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, an haɗa shi da siririn ɗinki.

"Baba, wannan facin shi ya fi taɓa min zuciya," in ji Nazifi. "Mutumin da aka yi wa kyautar motoci, a ce ya ƙare da riga mai faci. Don Allah a yi min irinsa sak."

Na ce masa, "Wa ya ce maka talauci ya yi?"

Sai ya kwashe labarin da dangi suka ba shi ya faɗa min. Wai Alhaji yana da wani yaro mai buga masa ƙwarya, sunansa Iro. Wai shi ya raba shi da 'yan uwansa, ya hana shi aure, ya janye shi zuwa Makka, ya cinye abin da ya tara, ya bar shi cikin tsumma. Haka labarin fim ɗin zai tafi, kuma da sunan Iron na gaskiya za a yi.

 Baba Iro yana raye a lokacin, layi biyu ne tsakanin ɗakinsa da inda muke tsaye.

Bari in koma baya kaɗan don ku fahimci ƙarin nan. Tun ina hawa keke na san Alhaji Tanimu. Duk shekara kafin azumi zai shigo da shadda yadi goma a naɗe, ya ajiye, ya ce a raba biyu. Ɗaya tasa, ɗaya ta Iro. To shi Alhaji dogo ne kamar falwaya, Iro kuwa gajere ne mai faɗi, irin mutanen da ke cin yadi ta gefe. Yadi goma ba ya isar su biyun, ko wane gwani ne ya riƙe alli. Ƙa'idar sana'a ita ce ka fara yanka na wanda ya kawo kaya, shi ne mai ɗinki, na biyu ya yi haƙuri da abin da ya rage. Alhaji bai taɓa yarda da wannan ba. Kullum sai ya dafa teburin ya ce, "Mu'allim, fara da na Iro. Abin da ya saura ka lallaɓa min." Shi ya sa rigar Iro take fita cif, tasa kuwa sai an haɗa guntaye an cika hannun hagu.

Shekarar da na fara riƙe almakashi na ce masa, "Alhaji, ka ƙaro yadi biyu mana mu huta da wannan haɗe-haɗen." Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce ko launi ɗaya ne, in an ƙaro daga wani naɗin ya zama ƙyalle biyu, shi kuwa ɗaya yake so. Ban sake tayar da maganar ba.

Talauci kuwa, ina suka gan shi? Su biyun suna da wurin sayar da abinci, lokacin aikin Hajji har unguwar Aziziyya suke kai tuwo da waina gidajen alhazai. Iro ke girki, Alhaji ke zama a bakin ƙofa yana jan mutane da hira. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Alhaji, shekaru ya yi a kwance, kuma Iro ne ya ɗauke shi ya ajiye, ya yi masa wanka, ya ba shi abinci a baki. A hannunsa ya cika. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makarar zuwa Harami.

Za ku ce me ya hana ni faɗa wa Nazifi duk wannan a take? Abin da ya hana ni shi ne maganar ba a nan ta tsaya ba. Kowa a unguwar ya san raɗe-raɗin da ake yi, cewa zaman Alhaji da Iro ba na maigida da yaronsa ba ne, ba kuma na abota kawai ba, cewa junansu suke so yadda namiji ke son matarsa. An sani, an yi shiru, aka ci gaba da sayen waina. Ni ba malami ba ne, na san abin da addini ya ce a kan haka, kuma ba ni aka ba wa aikin hisabi ba. Amma na san ƙasar da muke zaune. Magana irin wannan in ta fita da sunan mutum, mafi sauƙin abin da zai same shi shi ne a ɗora shi a jirgi. Tsoho mai shekara tamanin da wani abu, wanda ba shi da sauran buri sai a binne shi a maƙabartar da aka binne abokin zamansa. In na yi shiru ya zama ɓarawo a idon duniya, in na yi magana na jefa shi a ruwa. Sai na naɗe rigar na ce wa yaron ya dawo jibi.

Yana fita Ammu Abdurrahim ya kira ni gefe, don duk abin da aka yi a kunnensa ne. Ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Ya Hamisu, mahal ɗin nan na ɗinki ne. Ba ma son mashakil, ba ma son rigima. Ka ɗinka abin da aka ce, halas."

Na ce, "Ammu, ko da ƙarya ce?"

Ya juya carbi. Shi ma ya ci wainar Iro tun yana ɗan makaranta. Can ya ce, "Je ka tambayi mai abin. In ya ce a ɗinka, a ɗinka."

Washegari da hantsi na je wurin Baba Iro. Na same shi a ƙofar ɗaki yana tsince shinkafa, gwiwoyinsa sun kumbura, ya daina sana'a tuni. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji ya ce, "Mu'allim, kai da almakashi kake aiki, yanke maganar mana." Na faɗa masa komai. Ya gama tsintarsa, sannan ya ce in kawo masa yaron.

Bayan Azahar ɗin ranar da muka yi da Nazifi na kai shi. Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, tsaf-tsaf, kukumar Alhaji tana saman kwaba a naɗe cikin farin ƙyalle. Baba Iro ya zuba mana shayi, ya sa aka gaisa sosai, ya tambayi Kano unguwa-unguwa. Sannan ya ja jiki ya buɗe akwati, ya fito da wata riga ya shimfiɗa kusa da wadda Nazifi ya kawo. Shadda ruwan toka, zane ɗaya, surfani ɗaya. Ɗaya doguwa mai ƙari a hannu, ɗaya gajera mai faɗi, babu haɗi ko ɗaya a jikinta. Ya ce in yi wa yaron bayanin yadda ake yankan, na yi.

Nazifi ya daɗe yana kallon rigunan. Na ɗauka zai yi gardama ko ya nuna mamaki, sai na ji ya ce, "Baba, na ji maganar tun a gida. Tsofaffin makaɗa biyu sun faɗa min, suka ce kada in ambaci sunansu. Ban san dai kana raye ba. Dangi sun ce min ka daɗe da rasuwa."

"To ga ni," in ji Baba Iro. "Kuma abin da suka faɗa maka gaskiya ne, ɗana. Ba zan tsaya a garin nan in yi maka ƙarya ba. Ni da shi mun fi shekara arba'in. Sauran kuma tsakaninmu da Mai sama ne, Shi muke roƙo."

Ban taɓa jin ya faɗa da bakinsa ba sai ranar. Na sunkuyar da kai ina kallon kofin shayina.

Nazifi ya shiga bayani, kuma a nan na tausaya masa, don shi ma a matse yake. Ya ce ya kalli finafinan ƙasashen waje da yawa da aka yi a kan mawaƙa masu irin wannan rayuwa, kuma ko can da ba a kama kowa, da wuya a faɗi abin yadda yake. Wani a ƙirƙiro masa mace a ce ita ce ta tsaya masa a rai. Wani a mai da abokin zamansa mugun da ya lalatar da shi, don masu kallo su sami wanda za su tsana. Wani kuma a share mutumin gaba ɗaya kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Ya ce shi a gida in ya faɗi gaskiya masu tace fim ba za su bari ya fita ba, dangi za su kai shi kotu, kuma ga shi yanzu ya ga wanda abin zai fi shafa.

"Amma ɓarawo ya fi sauƙi, ko?" na ce masa. Raina ya ɓaci, kuma ban iya ɓoyewa.

"Mu'allim, bar yaro," in ji Baba Iro. Ya juya ga Nazifi. "Ni ba na son a san ni. Cire sunana, wannan shi ne roƙona na farko. Ina da 'ya'yan ƙanwata a gida, suna kirana Kawu, ba na son su ji an ce ɓarawo, ba na kuma son su ji ɗayar. Nan nake so in mutu, kada ka sa a fitar da ni. Na biyu, kada ka sa masa tsumma. Tanimu bai taɓa kwana da yunwa ba, bai taɓa fita da riga marar guga ba, ko da yake kwance. Wannan aikina ne, kada ka ƙwace min shi."

"To Baba, in na cire ka gaba ɗaya, wa ya kula da shi?"

"Ka ba wa wanda ka ga dama. Ni dai na san hannun da ya yi."

 Ana jin masu tasi suna ta hon a bakin titi. Nazifi ya sa hannu ya shafa ƙarin nan, ya shafa ɗayar rigar, sai ya ɗago ya ce min, "Baba Hamisu, yadi nawa ka ce ake sayowa?"

Na ce goma.

Ya ce, "Zan kawo goma-goma, kala huɗu. A raba kowanne biyu, yadda aka saba."

Ya ce zai bar mutum ɗaya a bayan Alhaji da ƙwarya a hannu, ba suna, ba magana, amma duk inda Alhaji ya tsaya yana nan, kuma yadinsu ɗaya. Wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba ya ɗauka anko ne na 'yan kiɗa. Baba Iro ya yi ɗan tunani ya ce, "Tayyib. Amma a samo mai kyau, kada a kawo min mummuna."

Na yi yankan da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Awon 'yan wasan Nazifi ya turo min ta waya, kuma duk su biyun sirara ne, yadi goma zai ishe su har da saura. Da na bi ƙa'ida da babu buƙatar ƙari. Sai na shimfiɗa yadin na fara da ta mai ƙwarya, na sakar mata faɗi yadda nake sakar wa Baba Iro, har abin da ya rage ya kasa, na haɗa guntaye na cika hannun hagu. Nazifi ya bugo waya ya ce rigar ta yi wa yaron yawa. Na ce ya ci tuwo.

Fim ɗin ya fito bayan shekara da wani abu. Baba Iro ya ce ba zai kalla shi kaɗai ba, sai na ɗauko shi da safe kafin a fara shigowa, na zaunar da shi a kujerar nan ta bakin tebur, na jingina waya da akwatin zare. Ni dai tun daga farko nake tsaki. An ƙirƙiro wata yarinya wai ita Alhaji ya so a ƙuruciya ta rasu, shi ya sa ya ƙi aure. An kawo wani ƙane wai shi ya yi jinya, har da kuka a bakin gado, alhali mutumin nan ko katin waya bai taɓa aikowa ba. Maganar sata dai babu ita, tsumma ma babu, yaron ya cika alkawari. Amma ina ganin ƙanen nan yana rufe wa Alhaji ido sai na ji kamar in kife wayar.

Shi kuwa Baba Iro dariya yake. Ya nuna mai ƙwaryar ya ce, "Kai, ashe haka nake da kyau ban sani ba? Amma bai iya riƙe ƙwarya ba, kamar mai tallan fura."

Can wajen ƙarshe aka koma baya, aka nuna inda Alhaji yake zaune a kan darduma ya ɗaga hannu yana addu'a, mai ƙwaryar yana bayansa kaɗan, su biyun cikin ruwan toka. Da hannun ya ɗagu sai haske ya faɗa a kan haɗin nan na gwiwar hannu. Dariyar Baba Iro ta ɗauke. Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya ce in sake. Ya kawo fuskarsa kusa da wayar har numfashinsa yana dusashe gilashin.

Bai dube ni ba ya ce, "Mu'allim, na wa ka fara yankawa?"

Na ce, "Naka, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To shi ke nan. Sauran su riƙe." Ya share ido da bakin hularsa, ni kuma na tashi na shiga bayan shago wai neman alli, don ba zan yi kuka a gaban ma'aikatana ba.

Baba Iro ya rasu bara, shi ya sa kuka ji bakina ya buɗe yau, kuma ko yanzu a cikin shagon nan maganar za ta tsaya. An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar da yake so. Kun san kaburburan garin nan babu suna a kansu, don haka ban san nisan da ke tsakaninsu ba, amma ƙasa ɗaya ce ta rufe su.

Har yau ban yanke wa fim ɗin hukunci ba. Rabinsa ƙarya ne, kuma ƙaryar ce ta bar tsoho ya mutu a ɗakinsa. Abin da na ɗauka dai game da sana'armu shi ne, tela yana sanin abin da dangi ba su sani ba. Muna sanin wanda ya rame, da wanda aljihunsa ya yi sanyi, da wanda ake sayo wa yadi ba a faɗi sunansa. Ba don mu yaɗa aka bar mu muka gani ba, ba kuma don mu ɗinka ƙarya a kansa ba. Saboda haka duk ranar da ɗayanku ya riƙe babban almakashin nan, wani ya ajiye masa yadi ya ce a raba biyu, tambaya ɗaya ce taku: na wa za a fara yankawa? In ya faɗa, ku yanka da kyau, ku yi shiru.